Daga Lauje zuwa Lambu: Yadda Adarawa Suka San Ciyawarsu

Wanda ya san Tawa kafin farin 1973 ya san gari ne da ciyawa ke riƙe da shi. Laka ce jikin ɗaki, amma jinka ce ke kare lakar daga ruwan Agusta. Rufewar da ake zuba hatsin shekara, wadda Adarawa ke ginawa ƙatuwa har sai an kafa tsani kafin a leƙa cikinta, ba ta yin ƙarko in babu hular ciyawa a kanta. Zana ke raba gida da hanya, asabari ke rufe ƙofar amarya, igiyar kaba ke ɗaure tanka. Tabarmar kaba ake shimfiɗa wa baƙo, ita kuma ake nema ranar da aka yi rasuwa. Alƙalamin da muka rubuta allo da shi sillen gamba ne. Tuwon dare da furar rana ma 'ya'yan wata ciyawa ce, wadda masu tonon tarihi suka samu alamar nomanta a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali tun shekaru 4,500 da suka wuce.

Mahaifina mai baibaya ne a Bilbis, ɗaya daga cikin tsoffin unguwanni biyu da suka haɗu suka zama Tawa, ɗayar kuwa Fakawa. Sana'ar gado ce, kuma rabinta a daji ake yi, ba a kan ɗaki ba. Da an gama yankan hatsi, wajen watan Oktoba, sai ya ɗauki lauje ya kora jaki, mu bi bayansa. Mai baibayar da bai san ciyawa ba, ruwan farko ke tona masa asiri, shi ya sa abin da aka fara koya mini ba ɗaurin tanka ba ne. Baba zai tsinko kara ɗaya ya miƙo mini ya ce, "Kai, mirgina shi." In ya mirgina sumul tsakanin yatsu, ka shafa ka ji gaɓa-gaɓa, to ciyawa ce ta gaskiya. Daga nan sai ka ja ganyen ƙasa. Gindinsa riga ce da ta naɗe karan, a tsage take ta gefe guda, tana buɗewa ba sai ta yage ba, kuma daidai inda ganye ya rabu da rigar akwai ɗan siririn harshe ko 'yan gashi. Ganyen suna fita ɗaya dama ɗaya hagu, layi biyu ke nan. In kuwa karan ya ƙi mirginawa, yana tokarar yatsa da kusurwa uku, babu gaɓa ko ɗaya, ganye ya fita ta fuska uku, rigar kuma a rufe ruf, sai ya ce, "Wannan ɗan gidan aya ne, bar wa fadama kayanta."

Gidan aya ba ƙaramin gida ba ne. A cikinsa akwai ayar da ake kawo mana daga Maraɗi, akwai aya-aya da ke hana mai lambu barci, don ko ka cire ta sau goma 'ya'yanta na ƙarƙashin ƙasa suna nan suna jira. Akwai kuma kajiji, wanda mata ke turare da saiwarsa, kuma shi ne mai ruɗa sabon shiga: karansa zagayayye ne, har yana da layi-layi da za ka ɗauka gaɓa ce. Sai ka duba ka ga babu ganyen da ya fito daga layukan, sannan ka dubi kansa ka ga irin na 'yan'uwansa ne.

Cikin ciyawa ta gaskiya kuwa, nan ne gwaninta take, kuma kai ake dubawa. Gamba tana tashi tushe guda mai kauri, ta wuce tsawon mutum, ganyenta da farar jijiya a tsakiya, kanta kuma reshe biyu-biyu ne masu gashi, kowane biyu a ware. Ba ta mutuwa da rani, shi ya sa manoma suke barinta a iyakar gona, ta zama shaida tsakanin maƙwabta ta kuma ba da zana duk shekara. Tsaure yana kama da ita daga nesa, amma murza ganyensa ka shinshina, ƙamshi zai faɗa maka ko wane ne. Nobe gajere ne, shi ma mai ƙamshi, dabba ba ta damu da shi ba, jinkarsa kuwa tana daɗewa. Shinaka kai ɗaya take fitarwa, haƙoransa duk a gefe guda, in ya bushe sai ya nannaɗe. Ita Baba ya fi so, ita kuma ta fi tsada. Ƙyasuwa, mai kai ja-ja mai laushi, ta jaki ce da akuya. Ana baibaya da ita in an rasa, amma mai ɗakin ya san zai sake kiran mu ba da jimawa ba. Komayya, wadda kanta ke rawa ko iska ba ta motsa sosai ba, ita ce ta ajiya don dabbobi.

Sai da na shiga lakwal, daga baya na wuce makarantar aikin gona ta Kolo, na ji cewa duk waɗannan, haɗe da goriba da albasa da rake da ayaba, zuriya ɗaya ce babba a wurin masana tsirrai, mai iri sama da 60,000 a duniya. Alamar farko tana wurin tsiro. Shuka wake ko gyaɗa ko yakuwa, za su fito da kunne biyu. Shuka hatsi ko albasa, tsinke ɗaya zai huda ƙasa. Wani Bature ɗan Ingila, John Ray, ya rubuta wannan bambanci a 1682, sannan Antoine-Laurent de Jussieu na Faransa ya gina rabon dangogin tsirrai a kansa a 1789. Sauran alamun duk mun san su a gona: jijiyoyin ganye a miƙe suke jere da juna, ka tsaga ganyen dawa ya tafi zare guda har ƙarshe, na kuka kuwa ya yage ta ko'ina; saiwa tarin gashi ce, babu uwar saiwa mai nutsewa; sassan fure kuma uku-uku ne ko shida. Akwai masu karya doka. Doya da gwaza 'yan wannan zuriya ne, ga shi ganyensu faffaɗa mai jijiya a warwatse. Balasa ma faffaɗan ganye gare ta, amma duba furenta shuɗi da sassafe kafin rana ta kashe shi: kunnuwa uku ne, biyu manya ɗaya ƙarami. Bado kuwa, duk da zamansa cikin tafki tare da su, ba nasu ba ne.

Da yawa cikin 'yan makarantarmu sun yi gardama da aka ce hatsi yana da fure. Ai manomi ya riga su sani, bununi yake kiransa. Zangarniya takan fara fitar da fararen zare masu laushi, su ne na mace, biyu a kowane ɗan fure. Bayan 'yan kwanaki sai na namiji su leƙo, uku-uku, suna zubar da garin da ke maƙale wa rigar mai ratsa gona. Babu launi, babu ƙamshi, babu zuma, domin iska ce ke yin aikin, ba ƙwaro ba. Shi ya sa hatsi ke auratayya da shibra cikin sauƙi, shi ya sa kuma tsofaffi ke tsayawa a kan zaɓen zangarniyar iri tun a gona, kafin a ɗaure dami.

Wannan hatsi shi ya jawo wa Adar sarauta daga arewa. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya ci ƙasar da yaƙi, zuriyarsa kuma ita ce ta riƙe sarautar Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. Malam Djibo Hamani ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Abin da ni nake gani a ciki, da idon ɗan mai lauje, shi ne kwarurrukan Kaita da Bagga da Majiya rumbu ne ga mutanen da ƙasarsu ba ta noma. Ƙabilun Abzinawa, Kel Geres ta kudu da Iwillimidan ta arewa, duk sun yi ta ja-in-ja a kan Adar cikin ƙarni na 19, kuma dami ne ake kirgawa in an zo karɓar rabo. Su ma Abzinawan da nasu sanin. Matan Azawak suna saƙa shingen tanti da karan afazo, ciyawar rairayi mai tauri, su yi masa ado da fata, aikin da kan ci watanni. Makiyayinsu kuwa yakan dubi fili ya faɗa maka ciyawar da za ta fito kafin ta yi kai.

Amma inda sanin ya zama maganar rai da mutuwa shi ne shekarun yunwa, kuma a nan mata ne malamai. Kakata ta wajen uwa tana yarinya aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ba ta cika son zancen ba, sai dai in ta ga mun tsaya muna tsinar ƙarangiya muna cire ta daga ƙafa, takan ce, "Ku bar zaginta, 'yan nan, ta goyi uwayenku." Cikin kowace ƙayar ƙarangiya akwai ƙwaya. Ana tara ta da kara ko da tsumma, a daka a turmi har ƙayar ta mutu, a sheƙe, a samu ɗan tsaba mai kyau da ake yin tuwo da fura. Haka gude-gude, mai yatsu huɗu ko biyar a baje a kan kara. Haka garaji da sabe a bakin tafki. Har gidan tururuwa ake tonawa a kwashe abin da ta tara. Dokar da ke bayan wannan duka mai sauƙi ce: ƙwayar ciyawa mai gaɓa abinci ce in ka iya raba ta da ƙaiƙayi, amma abin da ya yi kai a ƙarƙashin ƙasa, ko ɗan itace irin anza, sai wadda ta san shi ta san kuma yadda ake kashe dafinsa. An sake komawa ga wannan karatu a 1973 da 1974, aka kuma komawa a 1984, shekarar da mutane suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da ya zo daidai da farin.

Turawa sun rubuta sunayen. Likita John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya kuma haɗu da John Hutchinson suka rubuta babban littafin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A Nijar, Peyre de Fabrègues ya tattara sunayen gida cikin shekarun 1970, Pierre Poilecot kuma ya keɓe littafi guda ga ciyawar Nijar kaɗai a 1999. Na yi aiki da waɗannan littattafai, ina kuma ganin girmansu. Sai dai kowane suna da ke ciki wani ne ya faɗe shi, makiyayi ko mai magani ko mai yankan zana da aka tsayar a bakin hanya, kuma ba safai ake samun sunan ko ɗaya daga cikinsu a shafi ba.

Abin da ya karya sana'ar Baba ba abu ɗaya ba ne. Tawa na samun ruwan da bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, tana kuma dab da layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma ta arewa. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka haura layin, saura ta ƙare, wato gonar da ake bari ta huta, wadda a cikinta shinaka ke fita. Fari biyu suka kashe tushen gamba a wurare da yawa, abin da ya rage dabbobi suka cinye har ƙasa. A filayen kiwo da dama garmani ya gaje wurin, mai rawayan fure kunne biyar, wanda ba ya jinka ba ya ƙosar da saniya. Ta ɗaya gefen kuma 'yan bida suka fara dawowa daga Abijan da Kamaru da Libiya da kuɗin kwano. Ba na ganin laifin kowa a nan. Ɗakin kwano tanda ne a watan Afrilu, amma gobara ba ta lashe unguwa guda cikin sa'a ɗaya kamar yadda take yi a zamanin bunu, kuma duk wanda ya taɓa kwana yana kwasar ruwa daga ɗakin da jinkarsa ta ruɓe ba zai yi wa kwano gori ba. Masu lauje ba su ƙare ba, ciniki ne ya juya. Yau amalanke ke shigowa Tawa da komayya da ƙyasuwa don ragunan da ake turkewa saboda Layya, har kwasar ta yi yawan da dokar makiyaya ta 2010 ta sa mata ƙa'ida.

Kaba, wadda daga goriba take fitowa, ta fi gamba taurin rai. Goriba ita ce ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, abin da sauran danginta ba su cika yi ba. Ganyenta a baje yake kamar tafin hannu, irin na giginya, na dabino kuwa dogo ne mai haƙarƙari dama da hagu. Dukansu ukun akwai namiji akwai mace, itace daban-daban, shi ya sa masu dabino a Ingal ke hawa su kai wa macen garin namiji da hannu. Furen ƙanana ne, amma in ka tsinke ɗaya ka ƙirga, uku-uku ɗin nan ne dai. In an sare goriba ba ta mutuwa, sai ta tsiro ta ƙasa a dunƙule, wannan tsiron ne kabar da ake yanka. Yawan yankan ne ke hana ta sake zama itace. Tabarmar Madawa har yanzu tana da masu nemanta, duk da ta roba ta cika kasuwar Lahadi.

Wanda ya karɓi gari daga hannun ciyawa shi ne gidan albasa. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Heinrich Barth ya yaba girman albasar Gwandu da ya ratsa can a 1853, a fadamun Adar ma an daɗe ana ban ruwa da ƙwarya daga gajerun rijiyoyi, ana daka lawashi a shanya a yi gabu na miya. Amma bayan 1984 ne ta zama abin da gida ke dogara da shi. A shekarar ne gwamnati ta matsa wa noman rani, a shekarar kuma aka fara babban aikin Kaita da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, suna ɗaukar dutse a ka ana biyansu da abinci. An farfaɗo da fako sama da hekta 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an datse koramu, ruwa ya zauna a ƙasa, rijiyoyin kwari suka tashi. Injin ban ruwa ya shigo daga Najeriya. Tamaske, Kaita, bakin tafkin Tabalak, kwarin Tadis da ke gefen Tawa, duk suka yi kore da rani. Yanzu jihar Tawa ke ba da fiye da rabin albasar Nijar, manyan motoci na kwasarta zuwa Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano. Sunan albasar Galmi ya yi tsadar da har wani kamfanin iri na Senegal ya nemi ya yi masa rajista a matsayin nasa cikin shekarun 2000. Nijar ta ƙi, kamfanin ya sake suna, daga baya hukumar OAPI da ke Yawunde ta tabbatar wa Nijar sunan.

Shi ya sa ba na shiga sahun masu cewa yaran yanzu ba su san tsiro ba. Jikana ba zai raba maka gamba da tsaure ba, gaskiya ne. Amma kai shi lambu ka ji. Ya san ganyen albasa bututu ne, na tafarnuwa kuwa shimfiɗaɗɗe. Ya san sandar fure tana kumbura ƙasa da tsakiyarta, kanta na fitowa cikin 'yar jaka mai laushi, jakar ta fashe ta saki furanni ɗaruruwa da duk suka taso daga wuri ɗaya. Kowane fure kunne shida, 'yan maza shida, uwar iri a tsakiya mai ɗaki uku, kowane ɗaki ƙwaya biyu baƙaƙe. Ya san ƙuda da zuma ke yin auren, ba iska ba, don haka ba ya barin farar albasa ta yi fure kusa da ja, ba ya kuma fesa magani a lokacin.

A daji akwai 'yan'uwa da masu kama da 'yan'uwa, kuma tsoffin maharba da 'yan tauri sun fi kowa saninsu. Gadali, wanda ake dasawa a tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, da hatsin manoma mai farin fure da ke buɗewa da dare bayan ruwan farko, su ma furanninsu daga wuri ɗaya suke tasowa a kan sanda, sai dai manya ne, uwar irin tana ƙarƙashin furen, kuma babu warin albasa ko kaɗan. Albasar kura dabam take: furanninta a jere suke bisa doguwar sanda ɗaya bayan ɗaya, sukan fito tun ganye bai fito ba, dafinta kuma na kashe dabba. Masanan Turai sun daɗe suna haɗa albasar miya da albasar kura gida ɗaya, su ware gadali, saboda inda uwar iri take. Hutchinson ɗin nan ne a 1934 ya ce a'a, a dubi yadda furannin suka taru, albasa 'yar gidan gadali ce. Da yawa ba su bi shi ba. A 2009, bayan binciken ƙwayoyin gado, aka mayar da albasa da gadali gida guda, albasar kura kuma aka kai ta wani.

Inda wannan sani ke zama kuɗi ko hasara shi ne wurin iri. Albasa shekara biyu take yi: ta farko ta yi kai, a ajiye shi a rudu ya sha zafin bazara da damina, ta biyu a zaɓi masu kyau a sake dasawa wajen Oktoba ko Nuwamba su yi fure. Amma 'yar Galmi tana da hali guda, wasu sukan yi gaggawar fitar da sanda tun a shekarar farko, in sanyi ya kama su. Kan irin waɗannan ba ya girma, ba ya ajiyuwa, wuyansa kauri gare shi. Mai son banza yakan bar su su bushe ya kwashe ƙwayar ya kai kasuwa, ai baƙa ce kamar kowace, ba mai ganewa a cikin tiya. Wanda ya saya, badi rabin lambunsa sanda ne. Manoman da na yi aiki da su a Tamaske ba sa sayen iri a hannun wanda ba su sani ba. Cikin watan Janairu ko Fabrairu suke zuwa lambun mai irin da ƙafarsu, su tona gindi ɗaya su ga ko tsohon kai ne aka dasa, su ƙirga sanduna nawa suka fito daga gare shi, don tsohon kai yakan ba da da yawa, ɗan shekarar farko kuwa ɗaya tak. In sun gamsu, nan take suke ba da kuɗin kamu, tun ƙwayar ba ta yi baƙi ba.